Sagarar Batula da Jan Iri

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Batula, a Wad Haddad. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki da surukarki Hajja Mairo, da duk wanda kuke kwana gida ɗaya da shi. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga zazzaɓin damina, ya sa zaman da kika fara ya zama na alheri.

Labarin gida ba zan ba ki ba, kwana goma sha biyu da tafiyarki babu abin da ya canja sai ɗakinki da ya yi shiru. Maganar kaza ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jiya da kika kira a wayar mijinki, abin da na tsinta kafin layi ya yanke shi ne, sagarar da na saka miki a kwando ranar tafiyarki ta kwana biyu ba ta ci ba, tana tsaye wuri ɗaya ta saki fukafukai, Hajja Mairo kuma ta ce a yanka ta tun da sauran numfashi kada ta zama mushe. Na ji a muryarki kina son ki ce a'a, nauyinta ya hana ki. Na rubuta da ajami ne, don da shi hannuna ya saba. Na san Larabci ya fi gudu a bakinki, amma ki daure ki bi a hankali, ba wanda zai ba ki maki.

Abu na farko, ki roƙi Hajja ta ba ki kwana ɗaya kafin a ɗauko wuƙa. Ba laifi ta yi ba, haka kowa yake yi, ni ma haka na tashi na gani a gidanmu. Sai dai ba kowace kaza marar lafiya ce take shiga tukunya ba, kuma ba a sanin wacce ce wacce sai an ɗauke ta a hannu an duba. Shekara talatin da wani abu ina kiwon kaji, ba na jin akwai macen da ta fi ni sanin kaza tsakanin ƙauyen nan da Suki. Amma sanin nan da kaji na saye shi, wasu sun mutu a hannuna saboda wautata. Zan faɗa miki yadda aka yi don kada ki sake saye.

Ina amarya kamar ke, innata ta ba ni sagara mai wake-wake. Ba ta yi wata ba ta fara sanyi, tana lumshe ido da rana tsaka, zankonta ya koɗe. Ni kuwa lokacin ji nake na san komai. Na tarar da ragowar kafso da aka ba babanku na ciwon haƙori, na ɓare ɗaya a ruwa, na daka barkono na zuba don na taɓa jin ana yi, na buɗe bakin baiwar Allah na ɗura mata. Kwana uku ina wannan aikin safe da yamma. Ta kai in ta hango ni da cokali sai ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta shige ƙarƙashin gado.

Maƙwabciyarmu tsohuwa Asabe, wadda kowa yake kira Habboba, ita ta shigo aron rariya ta same ni a durƙushe ina jawo kaza ta ƙafa. Ta karɓe ta, ta kifa ta a cinya, ta ɗaga fiffike ta hura gashin. Wurin ya yi baƙi ƙirin da ƙuma. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, ƙuma ka shan jininta a waje, ke ko kina ƙara mata da yajin shatta a ciki. Halas, aje cokalin nan." Ta sa na tankaɗe toka mai sanyi na shafe kazar da ita har gindin gashi, na share akurki na ƙone tsohuwar shimfiɗar, na zuba toka da yashi a lungu don ta riƙa birgima. Cikin mako guda ta miƙe. Har Habboba ta bar duniya ba ta daina ce mini likita ba, a gidan suna ma haka take kirana.

To ke kada ki fara da magani. Ki fara da ido da hannu. Ki ware ta daga sauran kaji, ki sa ta a kwando a inuwa inda iska take shiga. Ki dubi zankonta, in ya yi fari fat jini ne ya yi ƙaranci, ki nemi ƙuma ƙarƙashin fiffike da wajen gindi, ki dubi kashinta ko da tsutsa. Ki shafa ƙirjinta, in ƙashin ya fito da kaifi to ta daɗe tana ramewa, ba shekaranjiya abin ya fara ba. Gobe da sassafe kafin ta ci komai ki taɓa jakar abincin nan da ke gindin wuyanta ta dama. Ya kamata ki ji ta wayam. In kin ji ta da tauri, ko ta yi luguɓ bakinta yana tsami, abinci ne ya tsaya. Ki dakatar da hatsi, ki ba ta ruwa da 'yan ɗigon man riɗi, ki riƙa murza wurin a hankali. Ruwan kuma kada ki ɗura mata kamar yadda na yi, yana bin hanyar numfashi. Ki jiƙa yatsa ki ɗiga a gefen bakinta, za ta haɗiye da kanta. Ɗan sukari da gishiri kaɗan a ruwan yana mai da ƙarfi. In ta nuna sha'awar ci, jiƙaƙƙiyar dusa ko dafaffen ƙwai da aka murƙushe sun fi mata dawa. Kafson mutane kuwa ki bar wa mutane.

Kuskure na biyu na yi shi ne bayan na yi suna, mata suna aiko mini da kajinsu in duba. Ina da wata baƙar sagara da ta kai munzalin fara ƙwai. Ta shige akurki ta ƙi fitowa, in ta fito sai ta riƙa tafiya a miƙe gindi a ƙasa kamar agwagwa. Ko ɗaukarta ban yi ba, daga nesa na yanke hukunci. Na ce iyayi ne, kwanci take so ta yi tun ba ta ajiye ko ƙwai ɗaya ba. Na yi mata abin da muke yi wa kazar da muke so ta bar kwanci, na tsoma ta a ruwan randa mai sanyi, na ɗaure ƙafarta a gindin dalbejiya. Washegari na same ta a sandare. Da na ɗauke ta zan kai rami, hannuna ya taɓa ƙasan cikinta, na ji ƙwai a tsaye, ya maƙale a hanya. Tana ta fama da naƙudarta, ni ina ce mata mai iyayi. Ranar na ji kunyar kaina ƙwarai, ban iya cin abincin rana ba.

Taki ma ta kai wannan munzalin, na lissafa, ƙyanƙyasar ƙarshen sanyi ce. Saboda haka ki sa yatsu biyu ki taɓa tsakanin ƙafafunta da gindinta a hankali. In kin ji abu mai tauri zagayayye, ki sa ruwan ɗumi a tasa, irin ɗumin da za ki yi wa jariri wanka, ki zaunar da ita ciki gwargwadon shan shayi biyu. Ki tsane ta da tsumma, ki shafa man riɗi a ƙofar, ki kai ta wuri mai duhu ki ƙyale ta. Kada ki matsa, in ƙwan ya fashe a ciki an gama. Sau da yawa za ki dawo ki tarar da shi a gefenta, ita kuma tana neman abinci kamar ba ita ba.

In kuwa kin ga wuyanta yana murɗewa, kashinta kore shar, tana numfashi da baki a buɗe, ga wasu kajin gidan sun fara sanyi, wannan annoba ce, ta fi ƙarfin toka da man riɗi. Ki faɗa wa maƙwabta su tsare nasu, mijinki ya nemo baitari, likitan dabbobin da ke zuwa ran kasuwa. Ki riƙa wanke hannu da sabulu duk sanda kika taɓa ta.

Yanzu saura na uku. Saboda shi na ƙi bari sai layi ya gyaru, don ba maganar da zan yi a wayar suruki ba ce ana tsaye a kanki.

Kina shekara huɗu, farkon damina, aka ba mu irin dawa na hawasha, gonarmu ta ban ruwa, irin nan da ake cuɗawa da maganin ƙwari ya zama ja. Babanku ya gama shuka, aka yi ragowar da ba ta fi kwano ɗaya ba a gindin buhu. Ya ce in rataye ta can sama a rumfa inda hannun yara ba ya kaiwa. Na ce to. Da ya fita na tsaya ina kallon dawar nan, ƙwaya manya manya, ta fi wadda muke ci kyau. Raina ya ƙi yarda a bar hatsi haka yana rataye kaji suna tonon banza. Na zuba ta a ƙwarya na wanke sau biyu, ruwan ya fita jawur, na ce shi ke nan magani ya tafi. Na shanya, da yamma na watsa musu.

Da safe babanku ya ɗora ki a gaban jaki kuka tafi hawasha. Kullum haka yake yi a lokacin, yayyenki suna makaranta, ke ce 'yar rakiyarsa, yana yi miki rumfa da rawaninsa a bakin gona. Bayan tafiyarku na ga babbar sagarata tana tangaɗi, jikinta yana rawa, yawu yana zuba daga bakinta. Nan da nan na aika aka kira maƙwabcinmu ya yanka ta kafin ta mutu, ina ta murna ban yi asara ba. Na fige, na fasa. Da na tsaga jakar wuyan, ga dawar nan cike, da sauran janta a jiki.

Na gani, Batula. Ba zan ce ban gane ba. Na tsaya riƙe da wuƙa, zuciyata ta ce mini ki haƙa rami. Sai na dubi naman, fari tas, ga mai, ga mu mun yi makonni ba mu ga nama ba. Na ce ai a jaka maganin ya tsaya, wuta kuma za ta kashe saura. Na jefa jakar a masai, na wanke naman, na ɗora tukunya. Kuka dawo da azahar, na ba babanku ƙundu kamar yadda aka saba, ke kuma na tsamo hantar na hura na sa miki a baki da hannuna, don ke ce auta kuma kina sonta.

Kafin la'asar kin fara amai. Jikinki ya hau rawa, gumi yana keto miki, yawu yana zuba, irin abin da na gani da safe sak. Mu manya murɗar ciki kawai muka yi, kowa ya ɗauka tashin hankali ne. Muka ɗora ki a karo, jaki ya ja mu sai asibitin Suki. Likita ya duba idonki ya ce wannan maganin gona ne ya shiga cikinki, ya tambayi abin da kika ci ko kika sha. Na buɗe baki, sai babanku ya riga ni. Ya ce shi ne da laifi, ya juya baya yana gyaran ruwa, da ya waiwayo ya gan ki a bakin ƙaramar tur'ar da ke kawo ruwa gona hannunki a jiƙe, ga shi mutane sukan wanke tankin feshi a ruwan nan. Ni kuwa na rufe bakina. Tsoro na ji, da kunya, na ga ga wani ya ɗauki kayan, na bar masa.

Kwana biyar kika yi, Allah ya dawo mana da ke. Kaji biyu kuma sun mutu a gida, na binne su na ce shirwa ce. Tun daga ranar babanku bai sake ɗora ki a jaki ba. Kin yi ta kuka a ƙofar gida duk safiya har kika gaji kika daina. Kina shekara goma sha biyu kika taɓa ce mini Baba ya fi son tafiya da maza, na ce miki rana ce yake tsare ki daga ita. Ƙarya na yi miki. Tsoron kansa yake ji a kanki, yana ganin sakacinsa ya kusa kashe ki, ni kuma ina kallonsa shekara goma sha tara ina zuba masa shayi.

Ga abin da ya sa nake gaya miki yau. Yanzu lokacin shuka ne, gidan mijinki manoma ne, babu shakka akwai jan iri a gidan. Sagararki baƙuwa ce, kajin gida ba za su bar ta ta ci a wurinsu ba, za su yi ta sararta. Kazar da aka kora daga abinci ita ce take shiga ɗakin ajiya da bayan buhuna tana tsintar abin da ta samu. Kina gama karanta wannan ki tashi ki je inda ake ajiye iri, ki duba ƙasa ko akwai jar ƙwaya a zube, ko buhu da ɓera ya huda. Ki dubi abin da kaji suke shan ruwa a ciki. In tsohuwar jarkar maganin feshi ce aka raba biyu, ki ɗauke ta yau, ki sa kasko. Wanki ba ya fitar da maganin nan, ni na gwada. In kin ga alamar ta ci, ko tana rawar jiki, ko yawu, ko tangaɗi, to wannan kazar ta haramta ga tukunyarku ko da malamai goma ne suka yanka ta. Ki ba ta ruwa mai tsabta ki jira baitari. In ta rayu, ƙwanta ma a bar shi sai ya ce a ci. In ta mutu ki sa a haƙa rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. Ko ba ki sami tabbas ba, muddin ba ki san abin da ya kwantar da ita ba, rami ya fi.

Na san abin da ke damunki shi ne yadda za ki ce wa Hajja a'a kina kwana goma sha biyu a gidanta. Kada ki yi a gaban mutane. Ki bari ta yi sallah ta zauna, ki dafa mata gahawa, ki durƙusa ki ce innarki ta aiko da roƙo. Ki ɗora a kaina gaba ɗaya, ki ce tsohuwar ce mai rigima a kan kaji, kowa a dangi zai shaida. Na zauna da Hajja Mairo wajen biki, mace ce mai zafin baki amma tana jin magana in an kawo mata dalili. In ta ce ɓarna ce, ki karanta mata labarin hantar nan daga farko har ƙarshe. Na yarda. Gara ta riƙa yi mini kallon wadda ta yi wauta da a zuba naman nan a kwano a gidan da jikokinta suke sa hannu.

Na kai nan a rubutu sai babanku ya dawo daga gona bayan la'asar. Na ga ba zai yiwu ke ki sani, surukarki ta sani, shi yana nan da kayan da ba nasa ba. Na bari ya wanke ƙafa ya zauna, na gaya masa duka, ban gyara komai ba. Shayin ya huce a gabansa. Can ya tambaye ni, wato ba ruwan tur'a ba ne. Na ce ba shi ba ne. Sannan ya ce, "Rubuta mata duka, kak ki rage komi. In kin ƙare ki ba ni, ni za ni kai."

Na ce masa shuka fa, ga ruwa za a sako a hawasha gobe. Ya ce yayyenki suna da hannu. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nema ba tukuna, wannan tsakanina da shi ne kuma na san hanyar da zan bi. Yanzu haka yana ɗaki yana neman farar jallabiyarsa, ya ƙi bari in taya shi.

Don haka kin riga kin ga wanda ya miƙo miki takardar nan. Ba zai sa baki a maganar kaza ba, wannan aikinki ne, kuma na san za ki iya. Za su ajiye shi a ɗakin baƙi wajen maza, zai ce sauri yake yi motar yamma za ta wuce. Kada ki yarda. Ki gama da sagararki, ki wanke hannu, ki kai masa ruwa da kanki, ki zauna. Ba mai yawan magana ba ne, kin sani, wataƙila ya yi ta tambayarki ko an yi ruwa a wajenku. Ki amsa masa, kada ki tashi. Tun kina shekara huɗu yake son zaman nan.

Allah ya ba sagararki lafiya in da sauran kwananta, in babu ya mayar miki da alheri. Allah ya tsare bakinki da na mutanen gidanki daga abin da zai cuce ku, ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya a lokacinta, ya kai babanku lafiya ya dawo da shi lafiya. Ki yafe mini, 'yata. Wassalamu alaikum.

Innarki.